Kaset Ɗin Sufaye

Jos, 3 ga Maris, 1975

Zuwa ga Katung,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya karatu, ya sanyin Landan?

Jikin Baba ya ƙi, idanunsa sun tafi gaba ɗaya. Shekara talatin yana katakis, mai koyar da addini a coci, yanzu maganarsa ɗaya: tun da aka koma addu'a da Hausa bai ƙara jin waƙar Latin ba. Don Allah, in akwai gidan sufayen coci a can, ka ɗauko masa muryarsu a kaset. Na sayi rediyo mai kaset da kuɗin ƙarin albashin Udoji.

Tela ya kusa gama rigar aurenmu. Ka ci gaba da leƙa ƙanwata Juliana a makarantar nas ɗinta nan Landan, ba ta san kowa ba.

Taka,
Chundung

Bloomsbury, Landan, 2 ga Afrilu

Chundung,

Gaisuwa mai yawa. Ga kaset. Na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har ƙarshen layi, na sami wani tsohon gidan sufaye, dutse zalla, sanyi har ƙashi. Tsofaffi goma sha biyu cikin baƙaƙen riguna, ba ganga, ba tafi, murya ɗaya kamar mutum ɗaya. Ku tara jama'a ku ji.

Ki huta lafiya,
Katung

Jos, 20 ga Afrilu

Katung,

Ina gaisuwa, don haka aka koya mini.

Na tara jama'ar. Matan zumunta sun cika ɗakin Baba, har Fada ya zo. Baba yana bin waƙar da leɓe, hawaye na zuba. Sai ga raɗar mace a tsakiyar waƙar: “Katung, taɓa ka ji, ɗanka yana shuri.” Kai kuma ka yi dariya.

Makaho ba ya kasa gane muryar 'yarsa: Juliana ce. Ya ce in mayar baya. Na mayar, da hannuna, a gaban kowa. Tun ranar bai ci abinci ba.

Wayyo Katung, zuciyata ta ƙone. Ka ce mini kuskure ne, ba ka saurara ba kafin ka aiko. Ko wannan kaɗai ka ba ni, ya ishe ni.

Ina jira,
Chundung

Bloomsbury, 9 ga Mayu

Chundung,

Gaisuwa. Sau uku na saurara kafin in sa shi a ambulan. Wasiƙa huɗu na fara na yage, wannan ya fi sauƙi.

In tela ya gama rigar, ki aiko. Sai dai ya ƙara mata faɗi a ciki.

A gaida Baba.
Katung