Gilashi Mai Rufin Zinariya

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yayarki ta ce aikinki neman maganin sankarar jini ne, irin wadda ta kwantar da ni. Na tambaye ta yadda ake nemansa, ta ce ita dai ta san kina sa farar riga. Zaman asibiti ba abin yi sai kallon ledar ƙarin ruwa. Ki bayyana mini, amma da Hausar direba.

Mijin yayarki

Yaya,

Ina amsawa, Allah ya ƙara sauƙi. Kowace farar ƙwayar jini tana ɗauke da umarnin da aka gada daga iyaye, akwai kuma wani sinadari, furotin, da ke sa a kwafo shi a aiwatar. Naka ya nace wa layi ɗaya: "ku hayayyafa." Ni kuma sai in manna furotin ɗin a kan ɗan gilashi mai rufin zinariya, in riƙa kwarara masa magunguna ɗaya bayan ɗaya, haske na dukan gilashin ta ƙasa. In wani magani ya kama furotin ɗin, sai hasken ya karkata, layi ya ɗaga a kwamfuta. Tun da na fara, layin a kwance yake. Makon jiya ya ɗaga.

Ƙanwarka

Auta,

Ina gaisuwa. Na karanta wa maƙwabcin gadona, ya ce ashe zinariya ma tana aikin yi. Tambaya biyu. In ya kama, yana saki? Kuma yaushe za a ba ni? Yayarki ba ta san na yi ta biyun ba.

Mijin yayarki

Yaya,

Sannu da jiki. Yana saki, amma a hankali, haka muke so. Ta biyun kuwa, na daɗe riƙe da biro. Kamu a gilashi daban, aiki a jikin mutum daban. Ko komai ya tafi daidai, sai an yi shekaru. Ka riƙe maganin likitanka da kyau. Ka yafe mini.

Ƙanwarka

Auta,

Yafiyar me? Na tambaya, kin faɗa. Likita ya ce in na sa hannu, za a aiko muku da jinina ku gwada a kan ƙwayoyina. Na sa. Yayarki ta yi kukanta, sannan ta riƙe mini hannu aka ɗiba. Duk abin da kika gani, mai daɗi ko mara daɗi, ki rubuto. Ina so in sani.

Mijin yayarki

Yaya,

Jinin ya iso da safe. Ƙwayoyinka taurin kai gare su, kamar mai su. Na ɗiga musu maganin. Ka jira ni zuwa Litinin.

Ƙanwarka