Saniyar da Aka Ware wa Jaririn Fadimatu

Enoch Bulus Kazah,
Shago mai lamba 41, Layin Masu Hatsi,
Kasuwar Gudu, Abuja.
14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Asibitin Ƙwararru na Tudun Ɗorawa,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƊAUKE JAMI'AR TSARA ABINCIN MARASA LAFIYA, RASUWAR MUFIDA HAMMAWA, DA HAƊARIN DA KE JIRAN JARIRIN DA MAHAIFIYARTA KE ƊAUKE DA SHI

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da ofishinka, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a madadin Malama Fadimatu, matar Malam Hammawa, mazauna wata ruga a bayan Kuchigoro. Shekara tara ke nan tana ajiye ƙwaryar fura da nononta a inuwar shagona. Ba ta yi boko ba, shi ya sa alƙalamin yake hannuna. Ni kuwa tsohon ma'aikacin rajista ne, shekara talatin da ɗaya na yi ina buga wa takardu irin wannan hatimi, don haka na san ɗakin da suke kwana. Duk da haka na rubuto, karo na uku, bayan takardun 26 ga Mayu da 16 ga Yuni, domin Fadimatu tana da ciki wata bakwai da rabi, kuma idan ba a yi wani abu ba, wannan jaririn ma zai bi 'yan'uwansa uku.

1. Asalin maganar. Fadimatu da mijinta 'yan wa da ƙani ne. Ɗanta na fari ya rasu yana da kwana goma sha biyu, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Da ta haifi na biyu, sai tsofaffin ruga suka tatsi nononta a ludayi suka jefa tururuwa, tururuwar ta mutu, aka yanke hukunci nononta ne ba shi da kyau. Aka raba jaririn da ƙirjinta, aka ware masa saniya mai sabuwar haihuwa, mafi lafiya a garken. Da ƙauna suka yi, ba da mugunta ba. Bai kai kwana ashirin ba. Daga nan matar da sana'arta ke nan ciyar da mutane nono ta zama abar nuni a cikin danginta, har ba a miƙa mata jaririn kowa ta riƙe.

2. A ranar 9 ga Fabrairu, 2024, ta kawo 'yarta ta uku, Mufida, wannan asibiti tana da kwana shida. Likitoci suka aika da jininta gwaji, aka gano ciwon gado ne mai suna galaktosimiya: jikin yaro ba ya iya sarrafa sukarin da ke cikin madara, ta uwa ce ko ta saniya, sai ya taru ya ci hanta da ido. Ba allura ke maganinsa ba, abinci ne. Nan ne aka haɗa ta da Malama Clara Ishaya, jami'ar tsara abincin marasa lafiya, wadda matan ɗakin yara ke kira likitar abinci.

Ranka ya daɗe, ina roƙo a karanta wannan sashe a hankali, domin da alama ofishinka bai san aikin da wannan baiwar Allah take yi ba. Ta ɗora Mufida a kan madarar waken suya ta jarirai. Da ta ga Fadimatu ba ta karanta lambar jikin kwalba, sai ta karɓi ludayinta na sayar da nono, ta ɗora wuƙa a wuta ta zana masa layin awo, kuma duk Talatar da nauyin yarinya ya ƙaru sai ta ƙara layi. Ta sayi littafi ta liƙa ledojin biskit da alewa da garin koko na kanti, na halas a dama, na haram a hagu. Ta hau acaɓa ta je har ruga ranar hutunta, ta zauna da surukar Fadimatu kusan yini guda tana lallashinta a kan man shanu, wanda tsohuwar ke ganin yaro ba ya zama Bafillace sai da shi. A gaban tsohuwar ta faɗi maganar da Fadimatu ta maimaita mini ya fi sau ɗari: "Inna, ba nononta ne ya kashe su ba. Ko nonon wa aka ba su, haka za a yi." Ranar Fadimatu ta zo kasuwa tana dariya, har ta ƙara mini fura biyu kyauta, abin da ba ta taɓa yi ba duk tsiyar da nake mata a kan rowa. Mufida ta rayu, ta yi rarrafe, ta fara takawa tana kama buhunan gerona.

3. A ranar 1 ga Afrilu, 2025, aka mayar da Malama Clara reshen asibitin da ke Abaji, domin ta kula da ɗakin girkin majinyata. Na ga takardar. Wanda ya rubuta ta ya ga kalmar abinci a muƙaminta, sai ya ɗauka kuku ce. Ba a kawo kowa a madadinta ba. Ofishinta yanzu a nan ake ajiye tsintsiya da bokiti.

4. A ranar 6 ga Mayu, bayan gudawa ta ramar da Mufida, uwarta ta kawo ta. Aka auna damtsenta, awo ya nuna ja, aka kwantar da ita a matsayin mai tamowa, aka kawo madarar da ake ba irin waɗannan yara. Fayil ɗinta, wanda Malama Clara ta yi wa gargaɗi da jan biro a bangonsa, an ce ba a gan shi ba. Fadimatu ta shinshina kofin sau ɗaya ta ce wannan madarar saniya ce, 'yarta ba ta sha. Matar da ta tashi a gindin saniya ba za ta kasa gane warin madara ba. Ta fito da littafin ledoji, ta fito da ludayi, ta faɗi sunan ciwon yadda bakinta ya iya. Aka yi mata dariya, wai yau ga Bafillatana tana gudun nono. Aka ce ko ta bari a ba yarinya magani, ko ta dangwala yatsa cewa ta ƙi jinya ta ɗauki 'yarta. Ta ji tsoro, ta ji kunyar masu fararen kaya, ta riƙe kofin da hannunta. Sai a kwana na takwas wani likita ya tsaya ya saurare ta, ya sa aka tono fayil ɗin. Mufida ta rasu ranar Asabar, 17 ga Mayu, tana da wata goma sha biyar. Allah ya jiƙanta.

Ba na neman a kori kowa. Ma'aikatan jinyar sun bi ƙa'idar da aka koya musu, wadda ke ceton dubban yara. Mutum ɗaya ce a asibitin nan da aikinta shi ne ta ce wannan yarinyar daban take, ita kuwa tana Abaji tana duba tukunyar shinkafa.

5. Abin da ya rage. Malama Clara ta riga ta bayyana cewa ba kowane ciki ne ke zuwa da ciwon ba, amma bayan uku, dole a hana sabon jariri nonon uwa da na saniya, a ba shi madarar waken suya tun ranar haihuwa har gwaji ya fito. Madarar waken tana nan a ɗakin ajiyar asibitin, na ga gwangwanayen da idona ranar 2 ga Yuli. Mai kula da ɗakin, mutumin kirki, ya nuna mini fom: ba a fitar da ita sai da sa hannun jami'in tsara abinci. Likita ya ce ba huruminsa ba ne. Ofishin ma'aikata ya ce muƙamin babu kowa a kai. Muka zaga hawa uku, ni da gwiwoyina da mace mai tsohon ciki, muka dawo inda muka fara.

A ruga kuwa magana ta koma gidan jiya. Tsohuwar da Malama Clara ta sha wahalar shawo kanta ta ce asibitin da ya hana madara shi ne ya ba da madara, to wa za ta yarda da shi? Hammawa bai musa wa mahaifiyarsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sun ce a gida za a haihu. Sun riga sun ware saniya.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Darakta:

(a) a dawo da Malama Clara Ishaya kan aikinta kafin ƙarshen Agusta, lokacin da ake sa ran haihuwar;

(b) idan hakan ya gagara, a ba wani jami'i, ko wane ne, ikon sa hannu a fom ɗin madarar;

(c) a sa alama a jikin katin da ke hannun iyayen yara masu irin wannan ciwo, tunda fayil yana ɓata, uwa kuwa ba ta ɓata.

Ba zan ɓoye ba, ranka ya daɗe, ba na sa rai. Na san rubutun da ake yi a kusurwar irin wannan takarda, cewa a ajiye a duba nan gaba. Ni ma na rubuta shi da hannuna fiye da yadda zan iya tunawa, kuma yau ina jin kunyar kowanne. Abin da nake tunatarwa kawai shi ne haihuwa ba ta jiran fayil.

Na so in haɗo da ludayin a matsayin shaida. Jiya na roƙi Fadimatu, ta ciro shi daga ƙullin zanenta, ta daɗe tana shafa layukan da yatsa, sannan ta mayar. Ta ce: "Baba Enoch, bar mini shi. Idan ba su sa hannun ba, da shi za a ce in auna na saniyar. Ni zan tatsa, ni zan ba shi, kuma na san abin da nake ba shi."

Ina roƙon afuwa idan harshena ya zarce iyaka. Allah ya ƙara wa Mai Girma Darakta lafiya, ya sa takardar nan ta riski idonsa kafin Agusta ya ƙare.

Naka cikin biyayya,

Enoch Bulus Kazah
Tsohon Babban Akawun Rajista, mai ritaya

Dangwalen yatsan mai ƙorafi: Fadimatu Hammawa, bayan an karanta mata da Hausa ta ce haka ne.