Mazan da Ba a Faɗin Sunansu

Wagini, 9 ga Maris, 1976

Zuwa ga Yaya Sahabi,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Saude da yara. Allah Ya sa haka, amin.

Ina sanar da kai, cikin alhinin da ya dace, cewa ilimin tarihi ya sha kashi a Wagini. Ka san na zo binciken auratayya tsakanin Fulani da Haɓe, da yadda launin fata ke ɗaga darajar amarya ko ya sauke ta. Shugaban sashenmu ya yanke hukunci cewa maganar mata tatsuniya ce. In ban koma da sunaye da nasaba kafin damina ba, kujerata ta koyarwa a jami'a ta tafi.

Jiya na dasa rikoda gaban Inno Fanta, tsohuwar da ta fi kowa sanin aurarrakin garin, na tambaye ta sunan mijinta, surukarta tana zaune. Ni da digiri biyu, na manta macen kirki ba ta kama sunan miji ko na ɗan fari! Ta ja mayafi, ta tambayi wa ya yi mini tarbiyya. Yanzu nasabar da na tara ita ce: Malam ya haifi Wane, Wane ya haifi Mai Gidan Nan.

Duk da haka, ba zan dawo ba sai na samo sunayen.

Ƙanwarka,
Zuwairatu

Safana, 2 ga Afrilu, 1976

Yaya Sahabi,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Kaka?

Na gano wata babbar ƙa'ida: kunya ta hana mace faɗin sunan mijinta, amma ba ta hana ta faɗin na mijin maƙwabciya ba. Na tafi wurin Uwani, mai katanga ɗaya da Inno. Ta ba ni sunan, ta ƙara da gyara: wai marigayin don farar fata kawai ya auri Inno, kuma kakar Inno baiwa ce.

Labari ya tsallaka katanga. Inno ta hau jaki ta biyo ni har nan Safana, inda na koma da aikina, ta ce in kunna abin nan nawa, Uwani bakin ganga ta yi kaɗan. Ta yini tana bayanin yadda kakarta ta fanshi kanta da kaɗi da saƙa, ta aurar da 'ya'yanta inda ta ga dama. Sunan marigayi dai bai fito daga bakinta ba, kuma ban nema ba.

Yanzu tsofaffi har daga Runka suna layi, kowacce ta zo gyara ƙaryar wata. Shugaban sashe zai samu sunayensa, kowanne da shaidu masu fushi.

Don Allah ka aiko da batir cikin gaggawa. Gobe Uwani za ta mayar da martani.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka mai biyayya,
Zuwairatu