Filas ɗin bai cika ba, Baba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifi, Allah ya sa kana cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma sai an karanta maka. Amma akwai wata magana, kuma ba wanda zan faɗa wa sai kai.

Inna tana wurina a Kaura, ƙafar ta yi sauƙi. Gonar Dauran bana ma ba a noma ta ba, ba mai yarda ya wuni a can saboda rashin tsaro. Matata Hauwa ta sauka, namiji. Sunanka na sa masa, Abba ake ce masa.

Ka tuna lokacin da ciwo ya kwantar da kai a zaurena, na roƙe ka tarihin gidanmu? Na kawo 'yar rediyon nan mai ɗaukar magana, na soka mata filas, ɗan abin nan da take adana magana a ciki. Ka faro daga kakanka da ya taso da shanu daga wajen Moriki. Wa ya haifi wa, wa ya auri wa, kowa da sunansa. Har saniyar da kura ta cinye sai da ka faɗi sunanta, Baba!

Ni kuwa abu ɗaya nake jira. Ni ne ɗanka na fari, kuma tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinka ba. Sai dai ka ce kai, ko wancan, shi ke nan. Ƙannena kuwa ka kira su da baki cike. Na san kunya ce ta ɗan fari, haka kowa ya taso ya gani, ba ƙi ba ne. Amma ina so, wallahi ina so. Na ƙudurta a raina cewa in tarihi ya gangaro kaina dole ka faɗa, tunda ba kirana kake yi ba, labari kake bayarwa.

Ka zo kan aurenka da Inna, ka ce damina ta biyu aka yi haihuwa. Nan rediyon ta yi ƙara, jar wutar ta mutu. Wai filas ya cika. Na zare shi, na hura, na mayar, ya ƙi. Ka yi dariya, ka ce in na sayo wani mu ƙarasa. Wayata tana aljihuna, ita ma tana ɗaukar magana. Me ya hana ni ciro ta? Kunya ce ni ma ta kama ni, kada ka gane abin da nake jira. Kafin kasuwa ta zagayo jikin ya rikice, ba ka sake doguwar magana ba.

Da Balkisu, autarka, ta zo hutu daga makaranta, na ba ta filas ɗin ta kwafar wa Kawu Sani na Shinkafi. Ta sa a kwamfutarta, ta duba. Ta ce a jikinsa an rubuta girman cikinsa gig talatin da biyu ne, amma abin da kwamfuta ke gani bai kai ko ɗaya ba. Sai na tuna wani malami a makarantarmu ya taɓa aronsa don gyaran kwamfutar ofis. Ashe wannan aikin yakan yanki ɗan lungu ne ya bar sauran haka nan. Kamar mutum ya shinge ƙofar gona ya manta da gonar. Filin yana nan, ba a raba shi ba, ba a sa masa suna ba, don haka rediyo ba ta san da shi ba.

Ta fara kwashe muryarka ta adana, don gyaran yana share komai. Ta goge rabon, ta haɗe filin wuri ɗaya, ta yi masa fomat, wato ta share shi tas, ta mayar da muryarka ciki. Ko shayin da ta haɗa mini bai huce ba ta gama. Yanzu duk maganarka ɗan siririn layi ce a gefe, sauran fari fat.

Bai cika ba, Baba. Bai taɓa cika ba. Akwai wurin da za ka yi ta magana har kaka ta wuce. Na rasa da wa zan yi fushi. Da malamin? Da rediyon? Da kaina nake yi, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da za ka faɗa kuwa? Ko da za ka ce sai aka haifi wancan, ka wuce? Kullum ina kunna ƙarshen, ina jin numfashin da ka ja kafin wutar ta mutu, ina cewa sunan ne ke tafe.

Balkisu ta ce in cika filin da muryar Abba in ya fara gwaranci. Jiya na ɗauke shi, na kunna rediyon, na buɗe baki in faɗi sunansa na yanka. Ya ƙi fita. Ɗan fari ne, kuma sunanka ne. Na ce masa kai.

Allah ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu a inda ba a jin kunyar kowa. Na bar ka lafiya.

Wancan ɗin naka,
Muhammadu Bashiru