Gwajin Aji Uku

Wurno,
Talata, 11 ga Fabrairu, 2025,
ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a masaukinmu.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, da Inna da yara duka. Ya ƙafar taka? Ya kasuwar Achida?

Ka tambaye ni mi ne ne aikin nan da na samu daga gama makaranta. Ofishin ilimi na jiha ya tura mu mu shida zuwa makarantun firamare na Wurno, Rabah da Goronyo, mu gwada 'yan aji uku. A kowace makaranta ana zaɓen yara goma. Yaro ya zauna gabana shi kaɗai, ya karanta ɗan labari na minti guda, sannan ya yi lissafin tarawa da ɗebewa. Ni ba ni da ikon taimaka mishi, ko da da ido. Abin da ya yi nake sawa a kwamfutar hannu, ya tafi Sakkwato.

Yau na gwada goma, uku sunka karanta. A cikin aji, in malam ya faɗa, duka suna amsawa da murya guda, sai ka rantse sun iya. In an ware yaro guda sai ya tsaya yana kallon takarda. Lissafi ya ɗan fi dama.

Kullum ina tsoron in yi kuskure a cire ni, don aikin na gwaji ne. Mako mai zuwa, bayan Rabah, an ba ni makarantar ƙauyenmu na asali, inda munka zauna kafin mu koma Achida. Ban gaya wa shugabanta Malam Maccido ba, doka ta hana. Ina ɗokin ganin shi, amininka da ya riƙe hannuna na rubuta harafin farko.

A gaida Inna.

Ɗiyarka,
Raihana.

Goronyo,
Alhamis, 20 ga Fabrairu, 2025,
bayan azahar, direbanmu na jira.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Maganar nan ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na rubuto.

Na isa makarantar da safe. Malam Maccido ya yi murna ƙwarai, ya ce ashe 'yar kukan nan ta zama mai duba malamai. Nan take ya sa anka ɗora buhun albasa a motarmu, ya ce naka ne. Sai dai na lura murnar ba ta kai idonshi ba.

Yara uku na farko sun karanta tsaf, har na fara alfahari da garinmu. Na kira ta huɗu, Laraba Abubakar. Wadda ta shigo Adawiyya ce, ɗiyar Yaya Ɗahiru. Baba, kai ka san aji shida take. Ashe an koya musu amsa sunan wasu, amma ba wanda ya koya mata wuce goggonta a tsaye. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambaye ni ya Kaka, wato kai. Sai da ta miƙe ta tuna, ta rufe baki.

Na tsayar da gwajin na sami Malam a ofis. Bai musa ba. Ya ce malamai uku gare shi ga azuzuwa shida, shekara guda ta rage mishi ya yi ritaya, kuma yana tsoron in sakamako ya yi muni a jefa shi wani wuri mai nisa. Ya ce albasa ma mai kyan ake sawa a bakin buhu, kowa ya sani. Ya kira ni ɗiyata sau da yawa. Na ce mishi da ladabi, in na aika da ƙarya, Sakkwato za ta ɗauka yaran nan ba su bukatar komai.

'Yan aji uku na gaskiya an sallame su fadama cirar albasa. Shi da kanshi ya aika anka kirawo su. Laraba ta zo da laka a ƙafa, ta riƙe takardar da hannu biyu. Haruffa huɗu ta gane, ba ta karanta kalma ko guda ba. Da mintin ya cika ta tambaye ni ko ta ci. Cikin goman, biyu sunka karanta. Haka na aika, na kuma rubuta dalilin da ya sa na goge sakamakon yaran farko, don doka ta ce a rubuta.

Da za mu tashi Malam bai fito ba, bai kuma ce a sauke buhun ba. Direba zai kawo maka shi tare da wagga wasiƙa.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

Ko za a hukunta Malam, ko za a ƙara mishi malamai.

Ko an bugi Adawiyya a gida don ta gaishe ni. Don Allah ka yi wa Yaya Ɗahiru magana.

Ko karɓar albasar laifi ne a wajen ofis.

Ko zai amsa gaisuwarka ranar Juma'a.

Mi kai za ka ce mini.

Ka sa ni a addu'a. A gaida Inna.

Ɗiyarka,
Raihana.