Rabin Fanshona na Hajara Ne

Laraba da dare, Rano.

Yau na karɓo fanshona na En'e, na hau keke zuwa Tarai wurin Hajara. Shekara shida ke nan da na sake ta. Na tarar tana dakau a gidan yayanta, hannunta duk ya yi kanta. Shekara ashirin tana ɗawainiya da ni ina koyarwa, amma takardar fansho sunana kaɗai ta sani.

Na miƙa mata rabi. Ta ce, "Malam, ai yanzu ba ni da haƙƙi a kanka."

Na ce, "Tare muka yi aikin nan."

Ta karɓa. Sai ta ce, "Ka rame. Wa yake maka girki?"

Na hau kekena na komo Rano.