Alluna Biyu, Igiya Ɗaya

Kontagora,
Litinin, bayan La'asar.

Zuwa ga Giwar gidanmu, Garkuwar ƙanne, Sarauniyar allura da ma'aunin zafi, wadda zazzaɓi ke jin sunanta ya tattara tabarmarsa daga Kumbashi har iyakar inda babur ke iya kaiwa, Yayata Bashira, Allah ya ja zamaninki.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda da za a ɗora ta a mota sai Gidaɗo direba ya sauke fasinja uku, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Sati da 'yata Fure. Yaya aikin asibiti, yaya fama da jama'a? Baba yana lafiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da ta bi umarninki. Ni ma a zahiri lafiya nake. A baɗini kuwa, kwana uku ke nan ina cikin tsaka mai wuya.

Sau tara na kira ki tun jiya, ana ce mini ba a samunki. Shi ya sa na koma ga alƙalami da takarda, kamar sauran manyan mutanen da suka shiga tarihi ta ƙofar musiba.

Kin san wata uku ke nan da Madam Eunice ta ɗauke ni gwaji a makarantarta a matsayin malamin kwamfuta, bayan shekara biyu ina zaman kashe wando a ƙofar gida. Dukiyar sashena kaf ita ce laftof ɗaya mai kafar haɗa igiya biyu kacal, da yara talatin da huɗu masu leƙe ta kafaɗar juna kamar kaji a kan tsaba. In na sa linzamin kwamfuta da filashi, firintar makaranta ta zama marainiya.

Sai na tsaya gaban Madam na gabatar da jawabi. Na bayyana mata cewa akwai wata na'ura da ba ta fi sabulun wanki girma ba, 'yan kasuwa na ce mata dokin-siteshan, ni kuwa na raɗa mata Tashar Haɗi. Igiya ɗaya ke fita daga jikinta ta shiga laftof, ita kuma ta haifar da kafofi takwas: na linzami, na kibod, na firinta, har da na manyan alluna biyu irin na talabijin, yadda na gaba da na baya duk za su ga darasi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ta sha jin zaƙin bakin samari, amma za ta gwada nawa. Aka kawo na'urar da allunan daga Kaduna. Ranar da alluna biyun suka haska lokaci guda, rabin aji suka yi kabbara, rabi suka ce Haleluya, ni kuwa na ji kaina ya taɓa silin.

Nan take Madam ta gayyaci iyaye su zo ranar Alhamis ɗin nan su ga 'ya'yansu suna sarrafa kwamfuta a manyan alluna. Ta kuma faɗa mini a ofis, ba da murmushi ba, cewa abin da iyaye suka gani ranar shi zai sa ta ba ni takardar aiki ta dindindin, ko ta yi mini fatan alheri.

Don in ƙware, na kawo Tashar Haɗi gida na kwana biyu, a makon da kika zo duba gwiwar Inna. Ki riƙe wannan a ranki, za mu dawo kansa.

Ranar Juma'a na mayar da ita makaranta na haɗa komai. Caji yana shiga, linzami yana motsi, amma alluna biyu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na zargi wutar lantarki. Na zargi allunan. Na hura iska a kowace kafa, na kashe na kunna sau goma sha ɗaya, na yi duk addu'ar da na haddace. Da Madam ta leƙo ta taga, na yi wuf na lulluɓe allunan da tsumma, na ce ƙurar alli nake kare musu. Ta yaba mini da tsafta. Yaya, ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

Ranar Asabar na shiga kasuwa na sayi igiyoyi uku, kowane mai shago yana rantsuwa tasa ko jirgin sama za ta tayar. Babu wadda ta kawo hoto. Daga ƙarshe na kai kayan wurin Andarawus mai gyaran kwamfuta. Bai ko kwance na'urar ba. Ya ɗaga igiyar da ke jikinta da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ya tambaye ni ina ta asali, gajeriya mai kauri, mai zanen walƙiya a kanta. Ya ce bakinsu ne kawai iri ɗaya. Ta cajin waya turbar keke ce, wuta take ɗauka da ɗan abin da ba a rasa ba. Ta asalin ita ce kwalta, ita ke ɗaukar hoto. Ya ce ya zaga garin nan bai san mai irinta ba, in kuwa an yi oda sai mako mai zuwa. Sannan ya tambaye ni a gaban jama'a ko da gaske ni ne malamin kwamfutar.

A nan ne, ya Giwa, ya zama dole in tona asirin kaina.

Safiyar da za ki koma, kina ɗakin Inna kuna sallama, shaiɗan ya nuna mini igiyar cajinki, farar nan mai tsawo, wadda ke tasowa daga soket har kan katifata ba tare da na ɗaga kai daga matashi ba. Na dubi ta Tashar Haɗi, tsawonta bai fi taƙi biyu ba. Na ce a raina ai duk kanwar ja ce. Na zare taki, na cusa gajeriyar a aljihun jakarki. Da kika kira daga tasha kina tambayar wa ya rage miki tsawon igiya, ni ne na ce wataƙila zafin mota ne ya sa ta tsuke. Na tuba.

Tun da na baro shagon Andarawus nake ta saƙe-saƙe. Ko kin jefar da ita don haushi? Ko kin ba wata abokiyar aiki? Ko Fure ta ɗaure 'yar tsanarta da ita? Baba kuwa ya riga ya shaida wa 'yan majalisarsa cewa ɗansa yana mai da kwamfuta ɗaya ta zama uku, har ya sa an goge masa babbar riga don Alhamis. In na koma zaman ƙofar gida, ban san da wane ido zan dube shi ba.

Saboda haka, da sunan nonon da muka sha, ina roƙon fadarki abu ɗaya. Gidaɗo zai miƙa miki wannan takarda gobe Talata, zai juyo jibi Laraba, Allah ya tsare hanya. Ki laluba jakarki, ki naɗe gajeriyar igiyar nan a leda, ki danƙa masa a hannu. Ya sa ta a aljihun gaban rigarsa, kada ya jefa ta a but tare da kaji. Kuma don Allah kada labarin ya kai kunnen Baba. A madadinta ga igiyoyi uku sababbi cikin ambulan, duk suna caji, na gwada su da hawayena.

Ki gaishe mini da Malam Sati, ki shafa mini kan Fure.

Naki ƙane mai biyayya, mai jiran hukunci,
Abdulfatahi.

Ƙarin bayani: Tunda yanzu kina da uku, ina ganin ba laifi a bar mini farar. Katifata ta saba da ita.